Abin da Hantar Ɗan Salwa Ke Faɗa wa Mai Kiwo

Jama'a masu sauraronmu a birnin Yamai da kewaye, daga Gudel zuwa Saga, daga Lazare zuwa Harobanda a tsallaken kogi, barkanmu da war haka. Yau a kan salwa za mu tattauna, ƴar tsuntsuwar nan mai ƙwai dabbare-dabbare, wadda masu jin Faransanci ke ce wa kay. Hantarta za mu duba, wadda a jikin ɗan tsakon mako uku ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, da kuma abin da masu bincike ke karantawa a cikinta game da girman tsuntsun.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Damina biyu da suka wuce, yayata ta sayi ƴan tsakin salwa 200, ta gyara musu keji a bayan ɗakin girki. Mako na farko da na biyu sai hamdala: suna ci, suna sha, suna ta zirga-zirga kamar tururuwa. Da abincinsu ya ƙare, sai ta sami wani buhu mai rangwame a kasuwa, a tsakiyar watan Agusta. Kafin kwana goma tsakin suka lafa. Gashinsu ya tashi, suka rage ci, in ka ɗauki ɗaya a tafin hannu sai ka ji shi sakayau. Kullum da safe sai ta tsinci biyu ko uku a kwance. Ta ba su maganin ruwa kala-kala, babu sauƙi. Na ce mata, Yaya, mu kira likitan dabbobi ya zo ya gani.

Da likitan ya zo, bai nemi ganin magungunan ba. Ya sa safar hannu, ya shimfiɗa leda, ya buɗe ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu a safiyar nan. Hantar lafiyayyen tsuntsu ja ce mai duhu, sumul, gefenta siriri. Wannan kuwa ta kumbura, ta koɗe ta koma launin man shanu, da ɗige-ɗigen jini a samanta, yana taɓa ta tana marmashewa. Sai ya ce, Hajiya, a nuna mini buhun abincin. Ya zura hannu har ƙasa, ya fito da wani dunƙule mai warin danshi. Ya ce sai ɗakin gwaji ne zai tabbatar da sunan abin, amma daga yau kada a ƙara zuba musu ko cokali ɗaya.

Tun daga ranar nake bibiyar abin da masana suka gano a kan hantar wannan tsuntsu.

Salwar da ake kiwo a keji ƴar asalin Japan ce, dangin wadda aka ambata tare da mannu a cikin Alƙur'ani mai girma. A maƙwabciyarmu Najeriya, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ita ta shigo da ita a 1992. Abin da ya sa masu kiwo da masu bincike duka suke son ta shi ne sauri. Ƙwanta kwana 17 ko 18 yake ƙyanƙyashewa, na kaza kuwa sai 21. Ɗan tsakon yana fitowa da nauyin giram 7 ko kusa da haka, amma kafin mako 6 ya ninka wannan nauyi kusan sau 20, macen kuma ta fara shirin ƙwai. Mai bincike kan iya ganin kaka da jika da tattaɓa-kunne cikin shekara guda. Wata masaniya Bafaranshiya, Nicole Le Douarin, tana cikin nazarin yadda hanta ke samuwa a cikin ƙwai ne ta lura, a 1969, cewa ƙwayoyin halittar salwa suna da wata alama da ke bambanta su da na kaza, kuma wannan ganowa ta buɗe babbar ƙofa a ilimin yadda jiki ke ginuwa.

To wannan saurin girma, wa ke ɗaukar nauyinsa? Hanta. Duk abin da hanji ya tsotsa daga abinci, jini yakan bi da shi ta hanta kafin ya isa ko'ina. Ita ke haɗa furotin na jini. Ita ke ajiye sukari ta sake shi idan an buƙata. A jikin tsuntsu kuma, saɓanin saniya ko tunkiya, mafi yawan kitse a hanta ake ƙera shi. Gwaiduwar ƙwan da kuke ci, kayan haɗinta daga hantar uwar suka fito. Farin nan da kuke gani a kan kashin kaji, yawancinsa aikin hanta ne, ƙoda ta fitar da shi. Magani ko guba, in sun shiga, hanta ce ke fara kokawa da su. Bahaushe in zai kwatanta aminai yakan ce kamar hanta da jini, kuma a wannan magana kimiyya ta gaskata shi: halin da hanta ke ciki yana bayyana a jini.

Ga yadda yake bayyana. A cikin kowace ƙwayar halitta ta hanta akwai wasu sinadarai masu gaggauta aiki, waɗanda masana ke kira anzim. Ku ɗauke su kamar ma'aikatan masaƙa da ke aiki a cikin gida, ƙofa a rufe. Muddin bango na tsaye, kaɗan ne daga cikinsu ake gani a waje. In bango ya tsage, sai su malalo cikin jini. Duk wanda ya taɓa karɓar takardar gwajin jini a asibiti nan Yamai, mai yiwuwa ya ga an rubuta ASAT da ALAT. A Najeriya AST da ALT suke rubutawa, abu ɗaya ne. A tsakiyar shekarun 1950 wasu likitoci a birnin New York na Amurka suka gano cewa ASAT na hauhawa a jinin wanda zuciyarsa ta samu rauni, a 1957 kuma Reitman da Frankel suka fito da wata hanya mai sauƙi ta auna su da sauyin launi, wadda har yau ake amfani da ita a ɗakunan gwaji da yawa na Afirka. Daga mutane aka kai gwajin ga dabbobi da tsuntsaye.

Yadda ake gudanar da binciken ba wani abin ɓoye ba ne. Ana raba ƴan tsaki rukuni-rukuni, kowane rukuni da irin abincinsa: wannan abinci na yau da kullum, wancan an ƙara masa garin zogale, wani an musanya masa masara da dawa. Kowane mako a ɗora su a sikeli, a auna abin da suka ci da abin da suka bari. A mako na shida sai a ɗebi jini, yawanci daga jijiyar wuya ta dama, da allura siririya. Tsuntsu mai giram 100 ba a ɗibar masa fiye da mililita ɗaya. A juya jinin a na'ura har ruwansa ya rabu, a auna anzim a ciki. A yanka wasu, a auna nauyin hanta, a yanki ɓantare a duba da madubin likita.

A nan nake so mu dakata, domin a nan ne ake yawan yin kuskure, har da masu ilimi.

Lamba kaɗai ba ta yanke hukunci. ASAT ba a hanta kawai yake ba, yana nan a tsoka da zuciya. Salwa tsuntsuwa ce mai firgita; in aka bi ta da gudu a keji kafin a kama, ko aka yi mata allura a tsoka jiya, ASAT zai tashi alhali hantarta garau take. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai yake haɗa shi da wani anzim na tsoka da ake kira CK. In duka biyun suka tashi, a zargi tsoka. In ASAT ya tashi shi kaɗai, a juya ga hanta. ALAT kuwa, wanda likitan mutane ke dogara da shi sosai, a jikin tsuntsu shaidarsa ba ta da ƙarfi. Sai na uku, wanda takardunmu ke rubutawa PAL: shi ƙashi mai girma ma yana sakinsa. Ɗan tsakon da ke miƙe ƙafa da fiffike dole PAL ɗinsa ya yi yawa, haka macen da ta fara ƙwai. Wanda bai san shekarun tsuntsu ba, ya ga lamba sama ya ce ciwo ne, ya yi wa lafiyayye ƙazafi. Ko jinin da aka bari ya yi zafi a hanya, ƙwayoyinsa suka farfashe, zai ba da lambar ƙarya.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi damuna. Sau da yawa za ka ji an ce an gwada ganye kaza ko garin abu kaza, anzim bai tashi ba, saboda haka ba shi da illa. A ganina wannan hukunci ya yi gaggawa. Gwajin mako biyar ko shida bai isa ya faɗi abin da zai samu macen da za ta shekara tana ƙwai ba. Kuma hantar da ta daɗe tana lalacewa, ƙwayoyinta suka ƙare, takan daina zubar da anzim, lamba ta koma kamar ta mai lafiya. Zogale abinci ne mai albarka, mu mutanen Yamai da muke cin kwaɗonsa safe da yamma ba sai an gaya mana ba. Kaɗan daga garinsa a abincin salwa ba laifi. In ya yi yawa, ƙaramin cikin ɗan tsako ya cika da ganye, girma sai ya ja baya. Binciken da zan yarda da shi shi ne wanda ya haɗa shaidu uku: sikeli, jini, da ganin hantar kanta.

Jama'a, in yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan hantar ƴan salwa da abin da ke hana su girma.

Mu koma ga dunƙulen nan da likita ya ciro daga ƙasan buhu. A 1960, a Ingila, ƴan talotalo fiye da 100,000 suka mutu cikin ƴan watanni, aka rasa dalili, har aka sa wa cutar suna X, wato wadda ba a sani ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar tsuntsayen duk gonakin sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. A cikinta aka gano wata funfuna da ke fitar da guba, aka raɗa wa gubar suna afalatoksin. Abin tausayi game da wannan guba shi ne, anzim na hanta ne da kansu ke ƙara mata dafi. Suna ƙoƙarin narkar da ita domin a fitar, sai su mai da ita wani abu da ke manne wa kayan cikin ƙwayar halitta ya lalata su. Akwai wani rukunin anzim da ke kama wannan dafi ya kashe kaifinsa, kuma gwargwadon ƙarfin rukunin farko da raunin na biyu ne tsuntsaye suka bambanta. Ƴan agwagi da talotalo su suka fi saurin faɗuwa, kaza ta fi juriya, salwa tana tsakani. Abincin da kajin maƙwabci suka ci suka tashi, yana iya kwantar da ƴan salwarki.

Ba kullum gubar ke kisa nan take ba. Galibi a hankali take ci: tsuntsu ya rage cin abinci, furotin na jininsa ya ragu, girma ya tsaya, garkuwar jiki ta yi sanyi har allurar rigakafi ta ƙi kamawa yadda ya kamata. Mai kiwo yana ta sayen magani, alhali ciwon yana cikin kwanon abinci. Kuma ɗan kaɗan ya isa. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa abincin ƙananan kaji kada ya wuce kashi 5 cikin biliyan ɗaya na wannan guba. In kuna son ku gane ƙanƙantarsa, giram 5 ke nan a cikin buhu 10,000 masu kilo ɗari-ɗari. Ido ba ya ganinta, dahuwa irin ta gida ba ta kashe ta.

Mu a Sahel abin ta fuska biyu yake zo mana. In ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ta sha fari a ƙarshen damina, kwasfarta takan tsattsage a cikin ƙasa mai zafi, funfuna ta shiga tun ba a cire ba. Gwaje-gwajen da aka yi a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa gwargwadon tsananin fari, gwargwadon yawan gubar a gyaɗa. In kuma aka tsira daga gona, ga danshin Yuli da Agusta yana jiran masara da dusa da tunkuza a rumbu da shago. Kada mu ɗauka abin ya tsaya ga tsuntsu. Ƙuli-ƙulin da muke ci daga wannan gyaɗar yake. A 2004, a gabashin Kenya, mutum 125 suka rasu bayan cin masara mai wannan guba. Kuma an tabbatar tana haddasa sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Bayan guba sai zafi. A Afirilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Yamai, salwa takan buɗe baki tana haki, ta rage ci, hanta ta shiga wahala, lambobin jini su sauya. Yawancin lambobin da littattafai ke kira na lafiyayyen tsuntsu, a ƙasashe masu sanyi ko a ɗakuna masu na'urar sanyaya iska aka samo su. Ina ganin lokaci ya yi da za mu samu namu. Muna da tsangayar aikin gona a Jami'ar Abdu Mumuni, muna da INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, tun 1975, muna da LABOCEL, babban ɗakin gwajin kiwo. Masanan INRAN, tare da Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, sun riga sun nuna cewa dawa mai kyau tana iya maye gurbin masara a abincin kaji, kuma wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga ƙasar da ke sayo masara daga waje. Irin wannan aiki muke roƙo a yi wa salwa: a auna jinin lafiyayyun ƴan tsaki mako-mako, a bazara da damina da ɗari, domin likitan da ke Yamai ya samu abin kwatance na gida. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ga aiki nan, cikin mako shida tsuntsun ya gama girma.

Mai kiwo na gida kuwa ba ya buƙatar na'urar gwajin jini kafin ya amfana da wannan ilimi. Ki samu ƙaramin sikeli irin na masu sayar da kayan ƙamshi. Kowace Juma'a ki ɗebi tsaki goma, ki auna, ki rubuta a littafi. Ɗan salwa mai lafiya kowane mako sai ya ƙaru a fili. Makon da lamba ta tsaya, kada ki jira mutuwa, ki fara da bincikar abinci. Ƴan tsakin salwa suna buƙatar furotin kusan kashi 24 cikin 100, fiye da na kazar ƙwai, don haka dusa da tsakin gero kaɗai ba za su ɗauke su ba. In za ka sayi buhu, Malam, ka zura hannu har ƙasa, ka shinshina. Abin da ya dunƙule, ko ya yi ɗumi, ko yake warin ɗaki rufaffe, ka bar wa mai shi, komai arharsa. A damina ka sayi na mako biyu, kada ka tara na wata biyu. Ka ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. In kai ke haɗa abincinka, ga gwajin da ba ya cin ko dala: ka zuba hatsi a busasshiyar kwalba, ka ƙara busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka ajiye na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mai da shi rana. Gyaɗar da ta yamushe ko ta sauya launi a tsince ta a zubar. Ba ta mutum ba ce, ba ta tsuntsu ba ce.

In ɗaya ya mutu, a sa a buɗe shi a ga hanta, amma a tuna cewa a kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa hantar ɗan tsako rawaya ce saboda gwaiduwar da yake sha, wannan ba ciwo ba ne. Bayan mako biyu ne rawaya ke zama abin tambaya. Sai gargaɗi ɗaya mai nauyi: in tsuntsaye suka zube da yawa cikin dare ɗaya, kada kowa ya taɓa, kada a yanka, kada a sayar, a kira ma'aikatan kiwo nan take. Murar tsuntsaye ta taɓa shigo mana ta Magarya a 2006, kuma tana kama mutum.

Yayata ta zubar da buhun nan, ta wanke kwanuka, ta sayo sabon abinci. Mutuwa ta tsaya cikin ƴan kwanaki, amma waɗanda suka rayu ba su kamo girman da ya kamata ba, ƙwai ma ya makara. A daminar bana littafinta yana rataye a jikin keji, sikeli yana gefe, buhu yana bisa katako.

Masu kiwon salwa da kaji da zabbi, kafin ku kwanta yau ku je ku ɗaga buhun abincinku, ku duba ƙasansa. Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya sa albarka a kiwonku.